Wa ke da hanyar nan, kuma da kuɗin wa za a gyara ta?

Duk mai bin manyan hanyoyinmu ya san yaran nan masu shebur da tsohon kwano, waɗanda ke tsayawa bakin rami suna zuba ƙasa, mota na rage gudu su ɗaga hannu, direba ya wurga musu hamsin ko ɗari ya wuce. Wasu na musu dariya, wasu ma cewa suke ai su ne ke tone ramin da dare don kada sana'a ta mutu. To ko ma dai yaya ne, ni dai a ganina yaran nan sun gane abin da gwamnatocinmu suka ƙi ganewa shekara da shekaru, wato hanya tana son mai kula da ita kullum ba sai ta mutu ba, kuma mai binta shi ne zai biya ladan kulawar. Mu kuwa duk surutunmu a kan sabon titi yake ƙarewa, wane gwamna ya yi gadar sama, wane minista ya kawo mana tagwayen hanya, amma da wuya ka ji an tambayi ɗan takara da me zai riƙe waɗanda ya tarar.

Kwalta fa ba dutse ba ce. Rana ta dake ta ta bushe ta fara tsagewa, ruwan sama ya bi tsagar ya shiga ƙasa ya jiƙa burjin da aka daddanne a ƙarƙashi, tirela ta zo ta taka wurin ya lotsa, wata ta sake takawa ya ɓare, shikenan an samu rami. In kuma lambatu ya toshe ko kwalbati ya cika da yashi da leda, ruwa ya rasa inda zai bi sai ya kwanta a kan titin ko ya ci gefensa. Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san wannan lissafin, in ka yi wa soro yaɓe kafin damina ɗan kuɗi kaɗan ne, in ka ce sai baɗi to baɗin ba yaɓe za ka yi ba, sabon ɗaki za ka gina. Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto tun 1988 da ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyin da kuɗinsu ya kai dala biliyan 45, alhali da sun kashe dala biliyan 12 wajen gyara a kan lokaci da ba a yi asarar ba. Tun 1988 fa jama'a, da yawa cikin masu karanta wannan ba a ma haife su ba, amma har yau muna nan inda muke.

Kuma ba wai jahilci ba ne, injiniyoyin ma'aikatar ayyuka sun san wannan fiye da ni. Siyasa ce kawai. Yashe lambatu ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyato maroƙa da 'yan jarida don an toshe tsaga, sannan ƙaramin aiki ɗan abin da za a yaga a ciki ba shi da yawa. Amma in aka bari hanya ta mutu murus, to an samu kwangilar biliyoyi, an samu bikin aza harsashi, an samu allo mai hoton oga. Ga kuma yadda kasafin kuɗinmu yake tafiya, a rubuta kuɗi a takarda a watan Janairu, a saki wani ɓangare can bayan ruwa ya sauka, ɗan kwangila ya ce ba ya aiki cikin damina, kafin rani ya kama shekara ta ƙare a sake sabon lale. Hanya ba ta san da wannan ba, ita lalacewarta take yi.

Sai kuma maganar mai ita. Ana ƙiyasta hanyoyin Najeriya sun kai wajen kilomita 200,000, amma na gwamnatin tarayya bai fi 35,000 da ɗan wani abu ba, jihohi na da kusan irin haka, duk sauran, wato fiye da rabi nesa ba kusa ba, na ƙananan hukumomi ne. Ka ji fa, mafi yawan hanyoyin ƙasar nan suna wuyan ciyaman ne, mutumin da shekara da shekaru kuɗinsa ke biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda wani lokaci albashi ma da ƙyar yake biya balle ya sayi gas ɗin gireda. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to madalla, amma ko an ba su a hannu babu wata doka da ta ce ga kaza dole sai a kan hanya za a kashe. Hanyar da manomi ke fito da masara da tumatir da ita zuwa kasuwa kenan, ita ce ba ta da uba.

Ta tarayyar ma rikici ne. Titi ya ratsa tsakiyar gari ya lalace, ka je wajen gwamna ya ce ba nawa ba ne na Abuja ne, Abuja kuma tana can tana lissafin tituna dubu. In gwamnan ya yi zuciya ya gyara sai a shiga rigimar biyan bashi, a 2020 sai da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a mayar wa jihohi biyar naira biliyan 148 na hanyoyin tarayya da suka gyara, Ribas ce ta kwashi kaso mafi tsoka, aka kuma ja kunnen gwamnoni cewa kada wanda ya sake taɓa titin tarayya yana sa ran a biya shi. Shi direban da shokazobarsa ta karye ina ruwansa da wannan rabon gadon?

Ba kuma za a ce ba a taɓa gwada komai ba, an gwada, matsalar ita ce duk wanda ya zo sai ya rushe na wanda ya gabace shi ya kafa nasa. Babangida ya yi hukumar DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara, ta tafi da shi. Abacha ya ƙara kuɗin fetur a 1994 zuwa naira 11, ya ware rarar ya zuba a asusun rarar kuɗin mai wato PTF ya ɗora Buhari a kai, kuma ko maƙiyin gwamnatin nan zai faɗa maka an ga aiki a hanyoyi lokacin, dalili kuwa ba wani sihiri ba ne, kuɗin ne ke shigowa kai tsaye ba sa bin layin ma'aikatu. Obasanjo na hawa a 1999 ya soke ta. A 2002 aka kafa hukumar FERMA don gyaran hanyoyin tarayya, a ƙarshen 2003 kuma aka sa katafila ta rushe duk tolget ɗin da ke manyan hanyoyi, wai kuɗin da ake karɓa a aljihun mutane yake ƙarewa, wanda gaskiya ne, aka ce za a maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da sule biyar a kan kowace litar mai. Ƙungiyar ƙwadago ta ce ba ta san zance ba, magana ta je kotu, harajin ya mutu. An rushe tolget, harajin bai tsaya ba, aka tashi a tutar babu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na 2007. A shekarar aka yi wa dokar FERMA kwaskwarima aka sa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin fetur da gas a matsayin kuɗin masu amfani da hanya, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi FERMA, kashi 60 ya tafi hukumomin gyaran hanya na jihohi. Doka ce fa, majalisa ta yi shugaban ƙasa ya sa hannu, amma aka ajiye ta a durowa ba a aiwatar ba, FERMA ta ci gaba da zaman jiran abin da kasafi zai yaga mata. Majalisa ta takwas ta zartar da ƙudirin kafa hukumar hanyoyin tarayya mai cin gashin kanta, Buhari bai sa hannu ba. Sai a 2025 da sabuwar dokar haraji ta fito mutane suka ga kashi 5 ɗin nan a ciki, ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnati ta fito tana rantse-rantse cewa ai ba sabon abu ba ne tsohuwar dokar FERMA ce, kuma ba za a fara karɓa ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni. Wato dai zuwa 2025 shekara goma sha takwas muna da doka, ba mu karɓa ba, ba mu soke ba, ba mu gyara hanya ba.

Tunda babu tsayayyen kuɗi sai aka koma kame-kame. Sukuk, wato takardun bashi marasa kuɗin ruwa da gwamnati ke sayarwa, ya zo a 2017, naira biliyan 100 na farko aka raba wa ayyuka 25 a shiyyoyi shida, kuma ni ina yaba masa don kuɗin a ɗaure suke da aikin, ba a biyan ɗan kwangila sai an ga abin da ya yi, amma bashi ne, kuma na gini ne ba na kulawa ba. A 2019 aka fito da tsarin kamfani ya gina hanya a cire masa daga harajinsa, irin wanda Ɗangote da NNPC da MTN suka shiga, shi ma dai harajin jama'a ne aka kashe tun bai shigo baitulmali ba. Har kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020, dala miliyan 311, an ce a zuba su a hanyar Legas zuwa Ibadan da gadar Neja ta biyu da hanyar Abuja zuwa Kano. Ita wannan ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano ai ita ce babban darasi, tagwayen hanya ce tun zamanin Babangida, kilomita 375, aka zuba mata ido har ta tashi daga aiki, a Disambar 2017 aka ba da kwangilarta a kan naira biliyan 155, a 2021 aka ce ai ba gyara take so ba sabuwa za a yi, kuɗi ya koma biliyan 797, a ƙarshen 2024 aka soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna aka ba wani kamfanin. Ka zauna ka lissafa nawa za a kashe da tun farko duk shekara ana bin ta da faci da sabon shafe a kan lokaci.

To sauran ƙasashe yaya suke yi? Ba sai mun je Turai ba tukuna. Kenya tun 1993 take da harajin gyaran hanya a kan man fetur da gas, a 1999 ta kafa hukuma guda wadda aikinta kawai ta karɓi kuɗin nan ta raba, ba ta ba da kwangila ba ta gina komai. A 2007 kuma suka raba aikin hanya gida uku, hukumar manyan hanyoyi daban, ta birane daban, ta karkara daban, kowacce da kasonta a rubuce a doka, manyan hanyoyi kashi 40, sauran a bi su da nasu. Amfanin wannan shi ne injiniyan da ke kula da wata hanya a ƙauye ya san tun farkon shekara nawa zai samu, zai iya tsara aikinsa kafin ruwa, kuma in hanyar ta lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ba wai Kenya aljanna ba ce, su ma suna da ɓarayinsu, a Yulin 2024 gwamnati ta ɗaga harajin daga shilin 18 zuwa 25 a lita, makonni kaɗan bayan matasa sun kusa kifar da ita kan haraji, daga baya kuma ta jinginar da ƙarin shilin 7 ɗin ta ciyo bashi don biyan 'yan kwangilar da ke binta. Amma ko a haka akwai abin da za a yi rigima a kansa, akwai lamba, akwai asusu, akwai wanda za a tuhuma.

Gana ta riga su ma, tun 1985 take da asusun hanya, aka ƙarfafa shi da doka a 1997, har ana kawo ta a misali. Sai me ya faru? A 2017 gwamnati ta yi dokar da ta sa wa duk irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya haura ta kwashe zuwa babban asusu, ga bashin da aka riƙa ci da sunan asusun ana gina sababbin hanyoyi da kuɗin da aka tara don gyara. A Nuwamban 2021 kuma rana ɗaya aka ce an daina karɓar kuɗin tolget a duk ƙasar, rumfunan suka zama kufai, ba a jima ba aka dawo ana maganar yadda za a maido su. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma suna da nasu asusun tun 1999, kuma duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi zuwa Damagaram ya san ana tsayawa a biya kuɗin hanya a karɓi tikiti, amma je ka tambayi direbobin da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda aka gina da arzikin yuraniyom, su ba ka labarin yadda ta koma. Abin da ake tarawa bai kai abin da hanyoyin ke ci ba, ƙasa ce mai faɗi, motoci kaɗan, manyan motoci masu lodin wuce ƙa'ida kuma da yawa.

Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ɗauka ina cewa da an buɗe asusu shikenan an gama. Ministan kuɗi a ko'ina yake a duniya ba ya son ya ga kuɗi a ajiye an ce ba zai taɓa ba. Ingila ta kafa asusun hanya a 1920, Churchill yana ministan kuɗi ya fara ɗiba a 1926, zuwa 1937 an daina ware kuɗin gaba ɗaya. Amurka da ake ganin ta gama komai, a 1956 zamanin Eisenhower ta kafa asusun manyan hanyoyi da harajin mai, tarayya ta biya kashi 90 na ginin jihohi suka biya 10, kuma jihohin ne ke da hanyoyin su ke kula da su, babu wani zancen wannan na Washinton ne ba nawa ba. Amma harajin nan santi 18.4 ne a galan tun 1993 har yau ba a ƙara ko sisi ba saboda babu ɗan majalisar da ke son a ce shi ya ƙara kuɗin mai, kaya sun yi tsada, motoci sun rage shan mai, ga masu lantarki sun shigo, tun 2008 sai an riƙa ɗebo kuɗi daga babban asusu ana cike giɓi. Darasin da na ɗauka a nan shi ne in za a sa irin wannan kuɗi to a sa shi kaso cikin ɗari ko a ɗaure shi da tsadar kaya, kada a rubuta naira kaza a doka, don da an bar mana naira ɗaya da sule biyar ɗin Obasanjo yau ko ruwan leda ba za ta saya ba.

Shi kuma tolget, wanda yanzu aka fara dawo mana da shi, a farkon 2025 an fara karɓa a hanyar Abuja zuwa Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi, ba na gaba da shi amma yana da sharaɗi. Afirka ta Kudu ta ishe mu misali. Hanyar Johannasbag zuwa Durban mutane na biya shekara da shekaru ba tare da wata babbar rigima ba saboda suna ganin abin da suke saya, hanya lafiyayya, in ka lalace a zo a ja ka. Amma da aka ɗora musu tolget na na'ura a titunan Gauteng a Disambar 2013, titunan da suke bi kullum zuwa aiki kyauta, ba tare da an zauna da su yadda ya kamata ba, sai kawai suka ƙi biya, gwamnati ta yi barazana ta yi lallashi, a Afrilun 2024 ta haƙura ta kashe na'urorin, bashin ya koma kan baitulmali. Sannan tolget ba ya aiki sai inda motoci ke da yawa, hanyar Legas zuwa Ibadan ko Abuja zuwa Kano za su iya riƙe kansu, amma hanyar ƙauyen da mota talatin ke bi a yini ko albashin mai karɓar kuɗin ba za ta fitar ba. Wato dai tolget maganin hanyoyi ƙalilan ne, sauran dubban kilomitocin fa?

Yanzu bari in zo inda na san wasu 'yan'uwana masu manyan motoci ba za su ji daɗi ba, ku yi haƙuri alhazai. Ba ƙaramar mota ke kashe titi ba. An yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, aka yi ta zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji ana auna lalacewa, abin da aka gano shi ne in ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake wa titi ba sau biyu take ƙaruwa ba, wajen sau 16 ne. Ka ga kenan tirela ɗaya mai obalodi ta fi dubban Golf da Sharon ɓarna. Shi ya sa Jamus tun 2005 take karɓar kuɗin hanya daga manyan motoci kawai, gwargwadon nisan da suka yi da girmansu, da na'ura ba tare da an tsayar da kowa ba, ƙananan motoci kuma su wuce kyauta. Ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa su ma sun yi ƙa'ida a 2005 cewa kada layin taya ɗaya ya ɗauki fiye da tan 11 da rabi, aiwatarwa ce dai ta zama aiki. Mu a nan siminti da mai da taki da hatsi da shanu duk a kan titi suke tafiya, jirgin ƙasan da ya iso Kano tun 1911 mun bar shi ya mutu, bututan mai da ke kai wa defo-defo na Arewa an farfasa su, sai tanka ta ɗauko mai tun daga Legas ta biyo ta Jebba da Mokwa da Tegina, ka je ka ga abin da ya rage na wannan hanyar, a 2017 ma gadar Tatabu ta karye aka rasa ta inda za a bi. Ina sikelin auna manyan motoci? Inda aka gina ma ko dai ba ya aiki ko ya zama wurin karɓar na goro. Kuma na san hujjar mai mota, zai ce gas ya yi tsada, taya ta yi tsada, ga shingaye a hanya kowa na miƙo hannu, in bai yi obalodi ba ba zai fita ba. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren, amma ribar da ya ci a lodi ɗaya ita yake mayarwa wajen bakanike da mai faci, mu kuma da ba mu ci komai ba mu tayashi biya.

Indiya ta burge ni a abu ɗaya. A Disambar 2000 gwamnatin firaminista Vajpayee ta fara shirin haɗa ƙauyuka da titin da ake bi rani da damina, da kuɗin da wani ɓangarensa ke fitowa daga haraji kan gas, zuwa yanzu sun gina fiye da kilomita 700,000. Ba yawan ne ya dame ni ba, sharaɗin kwangilar ne, duk wanda ya gina hanya shi zai kula da ita shekara biyar bayan ya gama, a cikin takardar kwangilar yake. Mutumin da ya san in ta fashe shi za a kira ba zai rage kaurin kwalta ba. Mu kuwa shekara ɗaya ake ba shi, damina ɗaya kenan, ya karɓi ragowar kuɗinsa ya kama gabansa.

Na san abin da mai karatu zai ce, malam kana cikin hankalinka kuwa, tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 har sai da ya haura 1,000, mutane na ajiye motoci suna hawa Keke Napep, sannan ka zo kana maganar a ƙara wani kaso? Ban ce a ƙara wa talaka ko kwabo a yanzu ba. Cire tallafin nan ai ya ƙara yawan kuɗin da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa duk wata, su da kansu suke faɗa, to daga nan za a fara, a yanki wani kaso tun kafin a zauna rabo a zuba a asusun gyaran hanya, su ma su ji a jikinsu. In an yi shekara biyu ko uku mutane sun ga an toshe ramuka an yashe kwalbatoci, lokacin ne gwamnati za ta iya buɗe baki ta ce a ƙara, don mutanenmu ba ƙin biya suke ba, kullum suna biya ai, a shingen 'yan sanda, a tasha, a wajen masu sitika na ƙaramar hukuma, abin da suka ƙi shi ne biyan da ba a ganin komai.

Kuma asusun kada ya zauna a ƙarƙashin minista. A sa wakilan masu biyan kuɗin su fi yawa a hukumar, ƙungiyar masu motocin sufuri NARTO da 'yan yuniyan da ƙungiyar injiniyoyi da 'yan kasuwa da manoma, mai riƙe kuɗi daban, mai ba da aiki daban, mai bincike daban, duk wata a buga abin da ya shigo da inda ya tafi, hanya kaza kilomita kaza naira kaza, yadda ɗan jarida ko ɗalibi zai hau babur ya je ya duba. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa haramun ne a gina sabon titi da kuɗin ko a ci bashi da sunansa, don ta nan aka kashe na Gana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan ba kowane aiki ne sai katafaren kamfani ba, dattawa na ba da labarin zamanin En'e da ma'aikatar ayyuka ta PWD akwai leburorin hanya, kowa da yankinsa da baro da diga, yana sare ciyawa yana buɗe wa ruwa hanya yana cike ƙaramin rami tun bai girma ba, a ƙarshen wata ya karɓi albashi. Me zai hana a yanka hanyoyin karkara gunduwa-gunduwa a ba ƙananan 'yan kwangila na yankin, a riƙa biyansu duk wata gwargwadon lafiyar hanyar ba gwargwadon tifa nawa suka ce sun zuba ba? In sufeto ya zo ya tarar da rami a yanke kuɗin watan.

A yanzu haka ana gina hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, wajen kilomita 700, da ta Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, da kankare, ministan ayyuka Umahi na cewa kankare ya fi kwalta daɗewa. Na yarda ya fi, kuma a matsayina na ɗan Arewa ba zan yi baƙin ciki da hanyar da za ta fitar da albasa da shanunmu zuwa teku ba. Amma kankare ma yana da gaɓoɓin da ake toshewa, yana da magudanan ruwa, yana da gadoji, kuma in ya fashe gyaransa ya fi na kwalta tsada da wahala. Kilomita kusan 1,800 kenan za a ƙara a kan 35,000 ɗin da muka kasa riƙewa. Abin da nake so 'yan majalisarmu su tambaya lokacin kare kasafi, kafin su sa hannu a kan wani sabon bashi, shi ne nawa kula da waɗannan hanyoyi biyu zai ci duk shekara, wace hukuma ce za ta yi, daga wane aljihu, kuma a ina za a kafa sikelin farko tsakanin Illela da Birnin Kebbi.